Ƙurajen da Na Ɗauko a Filin Kokawar Gurbin Bore

Daga Badarawa, ƙasar Shinkafi.

Zuwa ga ɗana Shafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da masu horar da ku a Gusau. Allah ya tsare ka a tsaye da kwance, ya tsare ƙashinka da jijiyarka, ya raba ka da mummunar faɗuwa. Mu nan gida lafiya lau muke, ba abin da ke damun mu sai murna da ta hana mu zama wuri ɗaya.

Tun ranar da aka kira sunanka a rediyo cikin 'yan kokawar da za su tsaya wa Jihar Zamfara, ban sake tafiya irin ta dattawa ba. Innarka ta ce in rage sauri, mutane za su ɗauka wuta ce ta kama gida. Ranar kasuwar Shinkafi na tafi sayen igiyar ɗaure akuya, na dawo ba igiya, domin duk wanda na ci karo da shi sai na tsayar da shi na gaya masa ɗana ne aka kira. Har wani baƙo ɗan Nijar da bai san ni ba sai da ya sha labari. A zamaninmu kokawar kaka muka sani, daga wannan gari zuwa wancan, in gero ya shiga rumbu. In an ce jiha to Sakkwato ake nufi, kuma wa zai taso daga Sakkwato ya zo neman ɗan Badarawa? Yau ga jiha tamu ta kanmu, ga shari'a ta kafu, an kori caca da giya daga bakin fili, kuma ɗan da na koya wa taɗiya a bayan rumbu zai sa riga da sunan Zamfara a gadon bayansa. Alhamdu lillahi da Allah ya bar ni da rai na ga wannan.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, kuma ba zan koya maka kamu a takarda ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar yayanka Lawwali. Da ya kai maka kaya ya dawo, sai ya zauna yana yabon zumuncinku. Ya ce kun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya: tawul guda rataye a ƙusa kowa yana goge fuska da shi, gwangwanin man kaɗanya guda kowa yana tsoma yatsa ya shafa a leɓe, reza in wannan ya gama gyaran fuska sai ya miƙa wa wancan. Shi yana faɗa yana jin daɗi, ni kuwa tuwon da ke hannuna sai na mayar da shi kwano. Ka san labarin idon yayarka Saratu gutsure-gutsure, kamar yadda kowa a gidan nan ya san shi. Yau zan ba ka shi daga farko, domin a filin kokawa ya faro, kuma kai yanzu filin ne gidanka.

A lokacin ban fi shekarunka na yanzu da yawa ba. Lawwali yana gudu, Saratu ta fara surutu, kai ba a ma yi cikinka ba. Kaka ta yi kyau, aka gayyace mu wasa Gurbin Bore, can ƙasar Zurmi. Bayan la'asar aka haɗa ni da wani Bafulatani makiyayi mai suna Jaɓɓi. Siriri ne, in ka gan shi sai ka ce iska za ta ɗauke shi, amma da ya kama ni sai na ji kamar an ɗaure ni da jijiyar sa. Tun muna zagaya juna na lura da wani ɗan miki a gefen muƙamuƙinsa, ya fara ɓawo amma yana ɗan tsattsafo da ruwa. Na ɗauka kaushin wasan jiya ne ya ƙuje shi. Muka sarƙe, kuncina a kan kuncinsa, wuyana a kan wuyansa, gumi yana zuba, muka daɗe a haka ba wanda ya motsa wani. Can Allah ya ba ni sa'a na sami ƙafarsa ta hagu, na ɗaga, sai ga shi a ƙasa. Shafi'u, har yau in na tuna ihun da fili ya ɗauka sai tsigar jikina ta tashi.

Jaɓɓi ya miƙe yana dariya, ya kakkaɓe jiki. Ya warware ƙyallen da ke wuyansa ya goge fuskarsa, ya miƙo mini na goge tawa. Sannan ya kira matarsa Inno, wadda ke sayar da nono a bakin fili, ta kawo ƙwarya. Ya kafa baki ya sha, ya ba ni.

"Sha, ɗan Badarawa," ya ce. "Yau kai ka ci. Baɗi in Allah ya kai mu, mu gani."

Na sha har da lashe baki. Ban taɓa ganin wanda aka kayar ya yi karamci irin nasa ba.

Kwanaki kaɗan da dawowata sai zazzaɓi ya rufe ni. Kaluluwa ta fito mini a wuya. Kuncina na dama ya riƙa ƙaiƙayi da zafi kamar an goga barkono, daga nan sai ƙananan ƙuraje suka feso a cunkushe, kowane kamar ƙwayar gero cike da ruwa, daga kunci har wuya har gefen leɓe. Ko furar da innarka ta dama ban iya sha sai da ƙyar.

A nan na yi wautar farko. Ina kwance ina lissafi: wa na kayar? Jaɓɓi. Wa ya ba ni abin sha? Jaɓɓi. Sai na ce ai magana ta fito, jifa ne, a cikin nonon aka sa mini. Ban tsaya a zuciya ba, na faɗa wa masu zuwa dubiya, su kuma suka kai kasuwa. Kafin in warke magana ta isa Zurmi cewa nonon gidan Jaɓɓi ba na sha ba ne. Inno ta riƙa zama da ƙwaryarta tun hantsi har rana ta karkata ba mai tsayawa. Ni kuwa ina Badarawa ina jin kaina babban mutum, tunda har na kai a jefe ni.

To ka ji. A inda kake yanzu za a yi ta rashin lafiya, za a yi ta faɗuwa a hannun wanda ba a zata ba, kuma za ka ji ana raɗa cewa wane ya yi wa wane asiri. Kada bakinka ya shiga. In jikinka ya yi wani abu da ba ka gane ba, ƙafarka ta fara zuwa wurin malamin asibitin da aka ajiye muku kafin harshenka ya ambaci sunan kowa.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ban dariya, in ba don ta cuci mutum ba. Da zazzaɓin ya sauka, ƙurajen ba su gama bushewa ba, sai aka ce akwai wasa a Katuru. Na ce ko da jifa ko ba jifa sai na je, kada a ce na ji tsoro. Na kwaɓa toka na shafe kuncin. Abokina Bawa, wanda muke gwada ƙarfi da shi kullum a bayan gari, shi ya taya ni shiri. Muka yi ta kamawa muna saki, goshinsa yana gogar kuncina. Da muka gama, aska ɗaya muka yi gyaran fuska da ita, ni na fara, har ta ɗan taɓa ƙurjin, na goge ta a cinya na miƙa masa. Ba a daɗe ba Bawa ya kwanta, goshinsa da haɓarsa suka feso irin nawa sak.

Na je duba shi, ya dube ni da ido ɗaya ya ce, "Sa'idu, wanga jifa naka shina da ƙarfi. Ni mi na yi ma Jaɓɓi?"

Na ce, "Ai ka ga irin mutanen da muke fama da su. Har wanda ya raɓe ni bai tsira ba."

Ka ga yadda mutum yake? Hujja tana gabana ƙiri-ƙiri cewa daga fatata abin ya tsallaka zuwa tasa, amma na juya ta ta zama shaidar maganata. Wanda na kama a Katuru ranar nan ban san yadda ya ƙare ba, Allah ya sa ya tsira. Don haka ina gaya maka: in ƙurji mai ruwa ya fito maka a fuska ko wuya ko hannu, ba kamu, ba gwaji, ko da wasa, sai ya bushe ya warke mai duba ku ya ce ka koma. In ka ga irinsa a jikin abokin karawarka, ka je ka gaya wa mai horarwa a hankali, ba a gaban mutane ba. Wannan ba tsoro ba ne, kuma ba tsegumi ba ne.

Ƙurajen suka warke, tabo ma bai zauna ba, na manta da su. Sai da bazara ta zo, muna sharar gona cikin rana mai zafi, na ɗan yi masassara, sai na ji gefen leɓena yana tsikari kamar tururuwa na tafiya a ciki. Washegari ga 'yan ƙuraje a wurin, kaɗan ne, ba su kai na da ba. Kowa ya ce ai zazzaɓi ne ya fashe a baki, alamar sauƙi ce. Ban ko kula ba.

Ranar nan da hantsi innarka ta kawo mini fura gona, Saratu tana biye da ita riƙe da zanenta. Guguwa ta taso ta kwashi ƙaiƙayin tsohon karan gero ta watsa mana. Saratu ta fasa kuka tana murza ido. Na ɗauke ta na ɗora a cinya, na buɗe idon na hura, abin bai fita ba. Sai na yi abin da uwata ta yi mini, abin da kowace uwa da uba a ƙasar nan suke yi: na sa harshe na lashe idon, na fito da ƙaiƙayin. Ta yi shiru nan take, ta rungume wuyana. Na koma aiki ina jin daɗi.

Bayan 'yan kwanaki idon ya kaɗa ya yi ja, yana zubar da ruwa. Fatar idon ta kumbura da 'yan ƙuraje a gefe. Yarinyar da ba ta zama sai ga ta a ƙuryar ɗaki ta juya wa ƙofa baya, domin haske yana soka mata ido. Aka sa kwalli, aka ɗiga nonon mai jego, aka yi duk abin da tsofaffi suka ce. Wata safiya innarka ta buɗe idon da yatsa biyu ta kira ni. A kan baƙin idon akwai wani ɗan fari-fari kamar an ɗiga koko.

Ta ce, "Malam, ni dai ba ni ƙara sa ma ɗiyata komi. Ka kai ta asibiti yau, ko in goya ta in tafi da ƙafa."

Innarka ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba, kuma ba ta sake ba. Na saɓa Saratu muka nufi Ƙaura. Malamin asibitin da ya duba ta ya ce wannan aikin likitan ido ne, kada mu kwana. Muka shiga jirgin ƙasa daga Ƙaura zuwa birnin da likitan idon yake, karo na farko a rayuwata. Da wata rana ce da na ba mutane labarin jirgin nan shekara guda, amma ban ga komai a hanya ba, na lulluɓe kan yarinyar da rawanina ina ta salati.

Likitan idon wani dattijo ne mai sanyin magana, Hausarsa irin ta mutanen gabas. Ya haska idon Saratu, ya ɗiga wani magani, ya sake haskawa. Sannan ya ɗago ya ƙura wa bakina ido, inda ɓawon ƙurjin bai gama faɗuwa ba.

Ya ce, "Malam, wannan na leɓenka, yaushe ya fito?"

Na gaya masa. Na ƙara da cewa ai jifa ne aka yi mini a wurin kokawa, yana tafiya yana dawowa.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Bakinka ya taɓa idonta?"

Na ce, "Na lashe mata ƙaiƙayi."

Ya gyaɗa kai ya ce in zauna. Abin da ya gaya mini shi zan gaya maka, yadda na riƙe shi. Ya ce ƙwayar cuta ce, su a asibiti herpes suke ce mata, mu kuma ƙurajen zazzaɓi muke cewa in ta fito a baki. Ya ce mutane da yawa suna ɗauke da ita tun suna yara ba su sani ba. Babbar hanyarta ita ce fata ta gogi fata inda ƙurjin yake, ko yawun mai ita ya taɓa baki ko ido ko wurin da fata ta ƙuje. Ruwan da ke cikin ƙurjin nan shi ne ya fi ɗauke da ita. In ta shiga jiki ba ta fita, sai ta kwanta a jijiya ta yi barci, ranar da zazzaɓi ko zafin rana ko gajiya suka raunana mutum sai ta farka ta fito a inda ta saba. Tun lokacin da wurin ya fara tsikari ana iya ɗauka, wani lokaci ma ba tare da an ga komai ba, sai dai ya fi yawa in ƙurjin yana ɗanye. Na tambaye shi ƙwarya da ƙyalle da aska fa? Ya ce suna iya kai ta in an yi amfani da su nan take, da damshin ruwan ƙurjin ko yawu a jiki, amma shi a ganinsa kuncin da na manna a kuncin mutumin nan ya ishe ni ɗauka ko ban sha komai ba.

Na ce, "Likita, ke nan ni na sa mata?"

Ya ce, "Kai ka kawo ta da wuri kuma. Riƙe wannan, ka bar wancan."

Ya ba mu maganin shafawa a ido, ya ce a daina sa komai in ba shi ba. Muka zauna a garin wurin wani ɗan Shinkafi mai sayar da fata har idon ya fara buɗewa. Ranar da Saratu ta fito tsakar gida da kanta ta nuna wata kaza ta ce, "Baba, ga zakara," na yi dariya har hawaye suka zubo. Kaza ce ba zakara ba, amma ta gan ta, da idon da muka fid da rai. Ɗan tabon da ka sani a idonta na hagu shi ne abin da ya rage. Yau ga ta a Zurmi da keken ɗinkinta tana zura zare a allura ba ta neman taimakon kowa.

Don haka, ɗana, in kana da ƙurji a leɓe, bakinka ya nisanci idon kowa da bakin kowa. In ka taɓa ƙurjin ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa idonka. Jariri sabon haihuwa kuwa ko kusa, kada ka sumbace shi, kada ka tauna abu ka ba shi, kada ka hura masa fuska. Likitan ya ce jariri ba shi da ƙarfin da zai yi faɗa da ita, tana iya kai shi inda ba a fata. Shi ya sa ranar sunanka aka ga ban ɗauke ka ba sai daga nesa na yi maka addu'a, har 'yan uwa suka yi ta magana. Leɓena ne ya yi tsikari da safen nan.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Da muka dawo gida sai na faɗa wani ramin. Tsoro ya kama ni, na ware kofina da kwanona da tabarmata, ko ba ni da ƙurji. Na daina ɗaukar yara. A masallaci in an miƙo hannu sai in dafe ƙirji. Na hana kowa taɓa butata. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta ɗebo ruwa da moɗa ta miƙo mini na ce a'a, ta ajiye moɗar ta shige ɗaki ba ta yi mini magana ba har washegari. Lawwali ya rugo zai hau bayana na ture shi, ya tsaya yana kallona kamar baƙo.

Da muka koma a sake duba idon na ba likitan labarin irin tsarin da na yi, ina jiran yabo. Wannan karon kam ya yi dariya.

Ya ce, "Malam, ka mai da gidanka kurkuku. Abin nan ba ya daɗewa a kan busasshen abu. Ba ya bin tabarma, ba ya bin bayan gida, ba ya bin gaisawa da hannu mai lafiya, ba ya bin iska. Kofin da aka wanke ya wanku. In ƙurji ya fito, ka ware abin da ke taɓa bakinka da fuskarka har ya warke. In ya warke, ka ɗauki 'ya'yanka."

Ranar da na dawo na goya Lawwali da Saratu tare, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, na zagaya gari da su.

Saboda haka ban ce ka guji abokanka ba. Ku ci a tire ɗaya, ku yi sahu kafaɗa da kafaɗa, ku kwana ɗaki ɗaya, ku yi ta zolayar juna. Abin da na ce ka ware kaɗan ne. Tawul ɗinka naka ne, ka shanya shi a rana bayan wanka. Reza da aswaki da buroshi ba a aro, ba a ba da aro, ko ba don ƙurajen nan ba akwai cututtukan da suka fi su muni da ke bin jini a kaifin reza. Man leɓe kowa da nasa, innarka ta aiko maka da gwangwani cikin kayan nan. Gorar ruwa a bakin fili, in ta kowa ce, ka tsiyaya daga sama kada ka kafa baki. In wani ya ce kana ƙyamar sa, ka ba shi labarin Bawa, ai Bawa da kansa yake ba da shi yanzu a majalisa yana ƙara gishiri.

Saura Jaɓɓi. Na tafi rugarsu a bayan Gurbin Bore da rana tsaka, na same shi yana shayar da maruƙa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsuguna na gaya masa duk abin da likita ya ce, na ce na yi masa ƙarya, ya yafe mini.

Ya gama shayar da maruƙan. Sannan ya shafa muƙamuƙinsa ya ce, "Wanga abu tun ina yaro nike da shi. In na sha rana wurin kiwo sai ya fito. Ban san ana ɗauka ba, da ban shiga fili da shi ba. Ni na yafe. Amma ba ni anka hana ma ciniki ba. Ga ta can."

Inno tana bakin bukka tana jin mu. Ta ce ita ba ta son ban haƙuri a daji inda ba kowa sai shanu. A kasuwa aka ɓata ta, a kasuwa za a wanke ta. Ranar kasuwar Zurmi na je. Ta zauna a inda ta saba da ƙwaryarta. Na tsaya a gabanta lokacin da kasuwa ta cika, na ɗaga murya irin wadda nake kirari da ita, na ce ni ne Sa'idu na Badarawa, ni na ce an sa mini abu a nonon gidan nan, ƙarya na yi, ciwo ne na Allah da ake ɗauka a fata. Na fito da ludayina daga aljihu, ta zuba mini, na shanye, ta ƙara, na shanye. Ta yi ta ƙarawa, mutane suna dariya, har cikina ya yi tamtsan na ce don Allah ta yi mini rai. Sai a nan ta yi murmushi. Kafin in bar wurin an yi layi a gabanta. Da kaka ta zagayo muka sake haɗuwa da Jaɓɓi a fili, kowa fatarsa sumul, ya ɗaga ni ya buga da ƙasa a gaban mutanen garinmu, kuma tun daga ranar ba ni da aminin da ya kai shi.

Akwai magana ɗaya da ke da nauyi tsakanin uba da ɗa, amma ka girma, gara ka ji daga gare ni. Likitan ya ce irin wannan ciwo yana fitowa a al'aura ma, kuma ta saduwa ake ɗaukar wannan. Ka tsare kanka kamar yadda addini ya ce, yanzu da sunanka zai fara yawo za a yi ta yi maka fara'a. In ranar aurenka ta zo kuma kana da wani abu irin wannan, ka nemi likita, akwai maganin da ke rage shi, kuma kada ka ɓoye wa iyalinka. Amma ka riƙe ɗaya gefen da kyau. Ƙurji a leɓen mutum ba shaidar komai ba ne, yaro ma yana samu daga sumbar kakarsa. Ko na al'aurar ma, mutum yana iya samu a cikin aurensa na halal. A kwanakin nan da kowa yake ɗokin shari'a, akwai masu ganin tabo a jikin mutum su yanke masa hukunci a teburin mai shayi. Shari'ar da muke murna da ita ita ce ta sa bulala a kan mai ƙazafi. Ni nono kawai na ɓata wa mace, sai da na sha kunya a kasuwa kafin in gyara. Mutunci in ka ɓata shi ba ludayin da zai mayar.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya, na sani, don ni na kasa shi ina saurayi. Wata rana za ta iya zuwa, an kai wasan ƙarshe, an kira sunanka, ka tashi da safe ka ga ƙurji ɗanye a wuyanka. Zuciya za ta ce ka shafa hoda ka shiga, ba mai gani. Ka je ka nuna wa masu duba ku. In sun ce ka zauna, ka zauna. Yaron da za ka kama shi ma ɗan wani ne, wataƙila akwai jariri a gidansu. In ka dawo mini ba kofi saboda wannan, ni da kaina zan tare ka a tashar Shinkafi in ɗauki jakarka a ka.

Amma in sha Allahu ba haka za a yi ba. Jikinka lafiya lau yake, ƙafarka ta fi tawa sauri, kuma kana da haƙurin da ban taɓa samu ba. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka bar laya da guru, ka girmama masu horar da kai, in ka kayar da mutum ka miƙa masa hannu ya tashi. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci ka daina wasa da karin safe. Lawwali da ƙannenka suna gaisuwa. Saratu ta aiko a gaya maka tana ɗinka maka wando mai kai gwiwa, kada ka shiga fili da na aro.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare ka daga ciwon da ake gani da wanda ba a gani, ya tsare mutane daga hannunka da harshenka, ya sa albarka a ƙarfinka, ya ɗaukaka jiharmu da ku. Ranar wasanku na farko zan shigo motar safe in zo Gusau, na riga na wanke babbar rigata. In kana tsakiyar kamu ka ji wani tsoho ya fi kowa ihu a bakin fili, kada ka waiwaya, ka riƙe ƙafar da ka kama. Ni ne.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sa'idu.